Akwatin Wutar Baba Ladan

Kwanakin baya wani saurayi ya tsaya bakin rumfata ya miƙo mini waya, wai in kalli bidiyo. Wani mutum ne a wata ƙasa, sanye da farar riga tas, ya ɗauko irin akwatin wutar nan da ake yayi, wanda ake cajawa a ajiye ya riƙa kunna fanka da fitila. Ya soka wayarsa a ramin kunna sigari na mota, ya tada inji, ya yi murmushi, bidiyo ya ƙare. Saurayin ya ce ashe ɗan abin nan ne nake cinye wa mutane yini a kansa. Na ce masa ya koma ya tambayi mai farar riga ko motarsa ta taɓa bin hanyar Kebbe cikin marka. Ya yi dariya ya wuce, ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, domin ku samarin da kuke ganin wayarin mota ba komai ba ne illa a haɗa ja da ja, baƙi da baƙi.

Sunana Sahabi, a Tambuwal aka haife ni, kuma a hannun Baba Ladan na koyi aiki, Allah ya jiƙansa. Rumfarsa tana bayan tasha, rufin kwano huɗu da benci. Kayan aikinsa duka cikin tsohuwar jakar fata suke: filaya, sukundireba, 'yan sifanu, ƙwan fitila da ya ɗaura wa waya don gwaji, da ƙarfen narka dalma da muke gasawa a kan gawayi. Mitar gwajin wuta sai da furfura ta fito masa ya saye ta, kuma har ya bar aiki bai gama yarda da ita ba. Farkon zuwana bai bar ni na taɓa waya ba. Aikina wanke kawunan batir da ruwan kanwa mai zafi, da kankare su har su yi haske. Na yi ta ƙunƙuni a zuciya, ina cewa ni wanki aka kawo ni koyo. Sai daga baya na lura cewa motoci da yawa da ake turowa wai kik, abin tada inji, ya mutu, wankin nan kaɗai ke tada su.

Akwai wata motar albasa daga Sanyinna da ba na mantawa. Fis ɗinta, ɗan abin nan da ke yanke wuta in ta yi yawa, yana yawan ƙonewa, direban ya gaji, ya naɗe shi da takardar azurfar kwalin sigari ya mayar. Ta yi masa aiki kuwa, har ranar da wayar fitila ta gogu da ƙarfe a kan hanya. Da aka jawo motar, duk wayoyin ƙarƙashin sitiyari sun narke sun manne da juna, ga warin albasa dafaffiya. Baba Ladan ya bar direban nan a tsaye. Ni ya kira, ya sa na kwanta ƙarƙashin sitiyarin na warware ƙonannun wayoyin ɗaya bayan ɗaya da hannuna. Daga ranar ban sake jan waya daga batir ba sai na fara sa mata fis.

Da girma ya kama shi, ya bar mini rumfar ya koma ƙauyensu gaba da Kebbe kaɗan, inda gonar gadonsa take. Shi da matarsa Inna Kulu suka zauna, da 'yan awaki da saniya guda. Can ciwon suga ya same shi, ido ya fara dushewa, har likita ya ɗora shi kan allura kullum. Ita kuwa allurar nan ba ta son zafi. Ɗansa Attahiru yana aiki a Sakkwato, yaro ne mai biyayya, kuma tun farko ya so ya kwashe su zuwa birni. Baba Ladan ya ƙi. Aka yi ta kai-kawo, har suka tsaya a kan magana ɗaya: Attahiru zai sayo ɗan ƙaramin firji da akwatin wuta da faifan sola. Muddin allura tana samun sanyi, tsoho ya zauna gidansa. Ranar da sanyi ya gagara, ba sauran gardama, za a tafi Sakkwato.

Da rani abin ya tafi daidai, rana ba ta rowa a ƙasarmu. Sai muka shiga shekarar da ku ma kun san ta, wadda ruwa ya yi yawa har hanyoyi suka yanke. A gare mu masu wayarin shekara ce mai wuya, domin motoci rabi suna fake, waɗanda ke fita kuma ruwa ke shiga musu ko'ina, ka gyara yau gobe su dawo. Da marka ta kankama, sai a wuni ba a ga rana ba. Faifan sola ya zama abin shanya kuɓewa, akwati ya riƙa mutuwa kafin gari ya waye. Inna Kulu ce ta aiko mini da saƙo ta bakin Modi, direban a-kori-kura da ke kwana ƙauyensu yana fitowa Tambuwal kowace safiya. Saƙon gajere ne. Ta ce ubangidana ba ya cin abinci sosai, kuma ba ciwon ne ya hana shi ba.

Wutar gari ba abin dogaro ba ce a lokacin, sai ta yi kwanaki ba ta leƙo ba. Amma ga mota tana zuwa tana komawa kullum, altanetarta, wato na'urar da ke cajin batir in inji na gudu, tana zuba wuta a banza. Na ce wa Modi gobe ya taho mini da akwatin.

To, ku masu bidiyo, ga inda aikin yake. Ramin sigarin motar Modi ya daɗe da mutuwa, da na leƙa zanzaro ya gina gida a ciki. Ko da yana da rai ba zan yi amfani da shi ba. Wayarsa siririya ce, an yi ta don ta ja wuta na ɗan lokaci ta huta, ba don ta yi ta ja tun daga Kebbe har Tambuwal ba. Kuma a hanya mai gargada filogin yana tsalle, ya taɓa ya saki, yana tartsatsi, ya yi zafi har roba ta narke. Saboda haka daga batir na jawo, da waya mai kauri, don siririya tana cinye wutar a hanya akwati ya ƙi karɓa. Na sa fis kusa da kan batir, bai fi taƙi ɗaya ba. Inda wayar ta ratsa ƙarfe na naɗe ta da robar tsohon tif na taya. Na canja fanbel, belin da ke juya altaneta, domin na da yana santsi idan aka kunna fitilu. Sannan na sa rile, wato ɗan makunnin da ke buɗe wa wuta hanya da kansa, amma ban haɗa shi da mabuɗi ba, da altaneta na haɗa shi. Na san Modi, yana kashe inji a gangare don tsimin mai, yana kuma barin mabuɗi a kunne ya ji labarai a rediyo. Da na bi mabuɗi, akwatin zai yi ta tsotsar batir inji na kashe, wata rana a nemi masu turi a tsakiyar daji.

Wurin zaman akwatin ma sai da muka yi shawara. A bayan mota ba zai yiwu ba, za a ɗora masa buhu ko a zauna a kansa, ga shi yana buƙatar iska. A ƙasa kuma ruwa na shiga idan ana ƙetare rafi. Muka yanka tsohuwar katifa muka shimfiɗa masa a kujerar gaba, muka ɗaure da roba. Ba a jima ba fasinjoji suka raɗa masa suna Alhaji, wai shi kaɗai ke zama gaba kullum ba mai ce masa ya matsa.

Haka aka shiga yi. Da safe Modi ya tsaya ƙofar gida ya ɗauki Alhaji. Inna Kulu ta lulluɓe firjin da jiƙaƙƙen buhu, ba a buɗewa sai dole. A ƙasansa akwai ruwan leda da ya daskare, kwalaben allurar kuwa suna sama cikin gwangwani an naɗe su da ƙyalle, don an gaya mata kada su taɓa ƙanƙara. Da la'asar mota ta dawo, akwati ya ƙoshi, firji ya ci gaba da gurnaninsa. Modi ya kawo mini labari cewa tsoho ya koma cin tuwo, har yana sa a riƙe masa hannu a kai shi gona ya shafa gero. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Ranar wata kasuwar Tambuwal abin ya lalace. Kun san al'adar tasharmu, ko da yake ku da kuka taso da motoci masu kwamfuta ba lalle ku gan ta ba. Idan batirin wani ya yi sanyi, ba ya neman makaniki. Ɗan'uwansa direba zai tada tasa motar, ya kwance batir inji na tafiya, ya kai a tada ta wancan, a dawo masa da shi. Tsohuwar mota ba ta damu ba, altaneta na riƙe da ita. Tun muna yara ake yi, kuma hana aron batir a tasha abin kunya ne da za a daɗe ana faɗi. Ranar nan motar wani direba Jabbi ta ƙi tashi, ga ta cike da mutane. Modi ya shigo tasha ke nan, bai ko kashe inji ba, ya ɗauki sifana ya kwance batir ya kai masa.

Abin da ba su sani ba shi ne, batir ba ajiyar wuta kaɗai yake yi ba, shi ke shanye haukan altaneta. Da zarar an cire shi inji na gudu, wutar takan yi tsalle sama. A a-kori-kura ba abin da za ta ƙona sai ƙwan fitila, shi ya sa aka shekara ana yi lafiya. Amma yau ga baƙo a kujerar gaba mai kayan ciki masu laushi. Fis ɗina bai ƙone ba, domin fis yawan wuta yake tsaro, ba tsallenta ba. Ni na yi wa mota lissafi, na yi wa Modi, ban yi wa tasha ba. Da Modi ya kawo mini akwatin, tun kafin in taɓa na ji ƙauri.

Ina da saurin fushi, kowa ya sani. Na wanke Modi tas a gaban mutane, na ce masa da hannunsa ya kori tsoho daga gidansa. Ya tsaya da hula a hannu har na gama, sannan ya ce, "Malam Sahabi, Jabbi na fa. Shekarunmu nawa tasha guda. In hana mai batir, da wane ido nika kallonai gobe?" Na juya masa baya.

Na kai akwatin wurin mai gyaran rediyo, don ni cikinsa ba fagena ba ne. Ya buɗe ya girgiza kai. Ƙofar da wutar mota da ta sola ke shiga ta ƙone, kuma kayanta ba a samunsu a nan. Abu ɗaya ya rage mana: irin wannan akwatin ƙofa biyu gare shi, ta wutar gida ba ta taɓu ba. Na roƙi wani mai cajin waya ya riƙa jona shi a janaretonsa. Ya karɓa sau ɗaya, washegari ya ba ni haƙuri, ya ce akwatin yana danne masa ɗan injinsa. Firji ya koma kwana a kashe. Modi yana kai ƙanƙara idan an samu, Inna Kulu kuma ta mai da kwalaben cikin randa da jiƙaƙƙen yashi, kamar yadda malamin asibitin Kebbe ya nuna mata, tare da gargaɗin cewa dabarar ta ɗan lokaci ce. Maganar da aka yi a tasha kuwa ba ta kwana a tasha. Attahiru ya bugo mini waya, ba faɗa ba zargi, ya gode mini da ƙoƙari, ya ce ƙarshen mako zai zo ya ɗauke su.

Na aika Jega aka sayo mini inbata, na'urar da ke mai da wutar batir irin ta gida, don in ciyar da akwatin ta ƙofar da ta rage. Amma ita ma tsalle ɗaya zai kashe ta. Sai na yanke shawara in sa mai walda ya yi wa batirin Modi keji, in sa kwaɗo, mabuɗi ya zauna a aljihuna. Kafin in yi, na bi Modi zuwa ƙauye don in shaida wa ubangidana. 

Na sami Baba Ladan a zaure kan tabarma, ya rame. Na durƙusa na gaishe shi, ya kama hannuna yana shafa tafin, ya ce har yanzu kantar aiki na nan, ashe ban zama Alhaji ba. Na kwashe labari na gaya masa, har da keji da kwaɗo, ina jin kaina kamar na kawo abin yabo. Sai ya tambaya ko Modi yana waje. Na ce yana sauke kaya.

"Sahabi," ya ce, "in ka kulle batirin ga, Modi kak kulle. Ran da tashi motar ta mace cikin daji, wa ka tsaya mai? Ni kaina da batirin aro munka tada rabin motocin Tambuwal."

Na ce to ai shi ke nan, sai a zuba ido a sake ƙona wani.

"In sai an ɓata yaron ga da 'yan'uwanai za ni zauna gidana, gara Attahiru ya zo ya ɗauke ni. Kak ka hana mai aro. Yi mai hanyar da za ya ara ba ɓarna. Kuma kak ka dogara ga faɗa mai, direba ba ya tuna magana in ana mai oda. Abin da ya tare mai hannu shika tunawa."

Na fito daga zauren. Mutumin da zamansa a gidansa ke rataye da zare, shi ne yake tunanin mutuncin direba. Na sami Modi yana ɗaure igiya, na ce masa gobe ya biyo ta rumfa da wuri. Iyakar ban-haƙurin da na iya ke nan, shi ma ya gane, ya ce Allah ya kai mu.

Aikin da na yi washegari ba ya cikin bidiyon kowa. Na samo wayar walda mai kauri, doguwa, na yi mata manyan baki a kowane gefe na dalmace su, yadda za a tada wata motar ba tare da an ɗaga batir daga mazauninsa ba. Na naɗe ta na rataye a jikin wayar da ke zuwa wurin inbata, yadda ba za ta fita ba sai an zare filogin. Ƙarfen da ke danne batir kuma na zura shi ta cikin wani madauki a wayar akwatin, in ma wani ya nace sai ya ciro batir, dole ya raba su tukuna. Modi ya gwada ido rufe, hannunsa ya ci karo da filogi, ya zare, ya yi dariya.

Sai wata matsalar ta ɓullo. Inbata tana cin nata rabon kafin ta miƙa, saboda haka zuwa da komowar Modi ba su ƙosar da akwatin kamar da. Yakan isa gida da abin da ba zai kai firji safiya ba. Ina zaune ina juya abin a raina, sai ga Jabbi, wanda tun ranar kasuwar yake kewaye rumfata ta baya. Ya gaishe ni yana kallon ƙasa. Ya ce ya lura Modi yana daɗewa a tasha yana jiran lodi, Alhaji na zaune a banza, shi kuwa a lokacin yake zuwa Dogon Daji ya dawo. Ko zan ja masa irin wayar nan a tasa motar? Na ɗauko jakata. Kafin la'asar wani mai zuwa Sanyinna ya kawo tasa, ya ce in Jabbi bai fita ba shi yana nan. Washegari wasu suka biyo. Da yawansu Baba Ladan ya taɓa kwanciya ƙarƙashin motocin iyayen gidansu. Kowace na sa mata waya da fis da rile da madaukin nan, inbata kuwa tana bin akwati duk inda ya je. 'Yan kamasho suka ɗauki abin kamar nasu, kana jin su suna tambaya wa ke da Alhaji yau.

Ranar da Attahiru ya ce zai zo, na rufe rumfa na shiga motar Modi, akwatin yana tsakaninmu, ya je Dogon Daji ya dawo. An yi ruwa da hantsi, muka kafe a wani kwari sai da fasinjoji suka sauka suka tura. Ba mu isa ba sai da rana ta yi sanyi. Tun daga nesa na hango motar Attahiru a ƙofar gida. Da muka matso na ga ya kwantar da kujera, ya shimfiɗa bargo, ya sa sabon filo, don tsoho ya yi tafiya a kwance.  Na ji tausayin yaron, domin wanda ya yi wannan shimfiɗa ba mugunta ta kawo shi ba.

Baba Ladan yana zaune a dakalin ƙofar gida ya jingina da bango, Attahiru na tsugune gefensa. Inna Kulu tana daga cikin zaure, kuma na lura ba ta ɗaure ko ƙunshi ɗaya ba. Muka gaisa. Modi ya shiga da akwatin, na jona firji, ya ɗauki gurnani. Attahiru ya biyo mu ya duƙa ya dubi fuskar akwatin, ya ga a cike yake. Na nuna masa komai, ban rage ba, har ƙofar da ta ƙone, na ce in rani ya yi sai an nemi wata dabara ko wani akwatin. Ya saurara da kyau. Sannan ya yi tambayar da ni ma da ita zan fara in da ni ne ɗan: in motar Modi ta lalace fa? Modi ya shiga lissafa masa sunayen direbobi da garuruwan da suke zuwa, da wanda ya ce ko a babur zai kawo in hanya ta yanke. Attahiru ya buɗe firji ya ɗauki kwalba ɗaya ya riƙe a tafin hannu, ya daɗe, ya mayar.

Muka fito. Ya sake tsugunawa gaban mahaifinsa, ya ce shi tsoro yake ji, can ga asibiti kusa, ga jikoki, me ya rage a nan da ba a iya bari?

"Na je gidanka bara, ka riƙe ni da kyau, Allah shi yi ma albarka," in ji tsohon. "Amma ido ya tafi, Attahiru, kunne ar rage man. Can birni motoci sun yi yawa, ban gane kowa, wuni nikai kamar an sa ni cikin buhu. Nan kau tun daga ƙetaren rafi nika jin Modi. Yau ma na ji sun kafe, na ji sa'adda sunka fita. In ina jin wanga, na san inda nike."

 Ni dai na sunkuyar da kai ina gyara zaman hulata, don idona ya kawo ruwa kuma ba na son Modi ya gani. Attahiru ya jima a tsugune. Sai ya miƙe ya nufi motarsa, ya buɗe ƙofa, ya ciro filon nan ya dawo. Ya ɗan ɗago kafaɗar mahaifinsa ya sa masa shi tsakanin bayansa da bango. Ya ce mini in sabon akwati ya samu zai aiko, in ja masa waya irin wadda ta dace. Inna Kulu ta shige ciki, ta fito da damin tumu na farkon geron gonar, ta ɗora a kan bargon da aka shimfiɗa, ta ce a gasa wa yara.

Attahiru ya yi sallama don kada duhu ya same shi a kwarin nan. Muka tsaya muna kallon motar tana bin hanya a hankali tana kauce wa ruwa, har ta sha kwana bayan gonaki. Ni da Modi muka juyo, amma Baba Ladan ya ɗaga hannu alamar mu yi shiru. Ya karkata kai wajen hanya, ya jingina da filon, yana saurare, mu ba ma jin komai sai kukan kwaɗi. Can ya sauke hannun.

"Ya ƙetare rafi," ya ce. "Injin nai lafiya lau. Za ya kai gida."